Wane Turanci Ake Koya wa Ɗan Talaka?

A hutun Babbar Sallar da ta wuce gidanmu ya cika da jikoki, sai ga Hajiya ta fito da wani kwalin magani da aka rubuto mata a asibiti. Likita ya yi mata bayani, amma ta manta ko kafin cin abinci ya ce ko bayan an ci. Ta zaro 'yar takardar nan mai ƙananan rubutu da ake naɗewa a cikin kwali, ta miƙa wa ɗan ƙanwata, wanda yake aji biyu na ƙaramar sakandare a wata makarantar gwamnati a nan Kano. Ta ce, "Maigida, zo ka karanta min, in ga ko bokon naka yana da rana."

Yaron ya karɓa ya fara karantawa da ƙarfi. Kuma bai yi laifi ba, ya bi layi uku cur yana fitar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da ya kai aya Hajiya ta ce, "To, me suka ce?" Sai ya hau sosa ƙeya. 'Yar yayana, wadda take sa'arsa, tana karatu a wata makarantar kuɗi a Abuja, ta leƙo ta kafaɗarsa. Kallo ɗaya ta yi wa takardar ta gane. Amma da ta buɗe baki za ta yi wa kakarta bayani sai Hausar ta ƙi zuwa, don ba ta taɓa jin an ce "karya kumallo" ba. Ƙarshe dai ita ta faɗa masa cikin sassauƙan Turanci, shi kuma ya juya wa Hajiya da Hausa. Tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Ɗaya ya karanta bai gane ba, kishiyata ta gane ta kasa faɗa. Duk a maido mana kuɗin makarantarmu."

Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma abin ya tsaya min a rai, domin yaran nan biyu darasi ɗaya ne a rubuce a jadawalinsu, sunansa Turanci, kuma kusan shekara takwas kowannensu ya yi ana koya masa. Idan aka tashi bayani an fi cewa wai ita tana samun Turanci mai yawa, shi kuma kaɗan yake samu, kamar dai tuwo ɗaya ne aka raba, wani ya sami malmala wani ya sami loma. Ni a ganina ba a nan gizo yake saƙar ba. Tun daga tukunya abincin ya bambanta. Makarantarta tana so ta yaye wadda za ta miƙe a taro ta yi magana a saurare ta, ta yi musu, ta rubuta takarda a amince. Tasa makarantar kuwa burinta ya sami kiredit a Turanci ranar da sakamako ya fito. Ba wanda ya zauna ya rubuta wannan rabo a wata doka, amma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san haka abin yake tafiya.

Rabon kuma ya girme mu duka. Lokacin da Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa a 1909, da Hausa ake karatu. Turawan mulki ba su ɗoki koya wa talakan Arewa harshensu ba, sun ga yadda 'yan bokon Legas suka fara damun su da rubuce-rubuce a jaridu. Abin da suke buƙata daga makarantun elementare shi ne malaman haraji da magatakarda da sauran ma'aikatan En'e, waɗanda za su iya rubuta Hausa da boko, su iya lissafi, su cika littafin ofis. Turanci sai wanda ya haye zuwa midil yake samun sa sosai. A can ƙololuwa kuma aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, wadda daga baya ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya, ita ce Barewa ta yau. Yara ƙalilan ake tsamowa daga larduna a kai su can, Turawa ne suke koyar da su baki da baki, ana gyara musu furuci harafi bayan harafi, da yamma a fita wasan kurket. Daga nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka fito. Da Ɓalewa ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960, Turancin da ya ba duniya mamaki a Katsina aka dasa shi.

Dattawanmu suna yawan kafa hujja da wannan zamani, su ce ai dā ɗan firamare ma yana rubuta wasiƙar da ɗan digiri ba zai iya ba a yau. Akwai gaskiya a ciki, sai dai sukan manta da yawan waɗanda suka shiga ajin. Tsarin ya yi kyau ne saboda 'yan kaɗan yake ɗauka. Abin yabo ɗaya da yake da shi, wanda na yanzu ya rasa, shi ne ba da kuɗi ake shiga ba. Ɗan sarki yana ciki, amma ɗan talaka mai ƙwaƙwalwa ma yakan sami kansa a benci ɗaya da shi. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, zamanin Obasanjo na soja, yara suka yi ambaliya cikin azuzuwa, aka yi ta ɗaukar malamai cikin gaggawa, daga baya kuma aka rufe kwalejojin horon malamai masu ba da takardar Giredi Tu. Ƙofa ta buɗe wa kowa, wannan alheri ne, amma Turancin nan na baki da baki bai biyo taron ba. Ya zame a hankali ya koma inda ake iya biyan kuɗinsa.

Mu leƙa ajin ɗan ƙanwata. Malam ya shigo, monita ya buga benci, yara suka miƙe da murya ɗaya: "Gud mooonin sa!" Malam ya juya ga allo ya rubuta ma'anar suna a nahawun Turanci, wato sunan mutum ko dabba ko wuri ko abu. Ya karanta, suka maimaita. Ya sake, suka sake, har abin ya zama waƙa mai amshi. Sannan ya yi bayani da Hausa, domin idan bai yi ba babu mai fahimta, ya ce a kwafe. Sauran mintunan duk a kwafa suke tafiya, wasu a kan benci, wasu littafi a kan gwiwa. A ƙarshe ya tambaya da Turanci ko an gane, aji ya amsa "Yes sa!" Wannan amsar ita ce jimlar Turanci mafi tsawo da yawancinsu za su furta da kansu a ranar. Na duba littafin yaron, cike yake fal da rubutu mai kyau: ma'anar aikatau, ma'anar sifa, rabe-raben jimla, kalmomi da kishiyoyinsu. Ya san sunan kowane ƙarfe a jikin keken, hawa ne kawai ba a taɓa ba shi ya yi ba.

Kafin a ɗora wa malam laifi a yi lissafi tukuna. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a cikin birnin Kano aji mai yara 100 ba abin mamaki ba ne. Darasi minti 40 ne. Ko da malam bai ce uffan ba, ya raba lokacin daidai wa daida, kowane yaro daƙiƙa 24 zai samu. A ajin 'yar yayana su 20 ne, minti biyu-biyu ke nan, kuma a kowace rana. Ga batun insha'i. Malamin da yake da irin waɗannan azuzuwa huɗu, idan ya ba da rubutu sau ɗaya, takarda 400 ce a gabansa. Ya ba kowace minti biyar, ya haura awa 33 yana duba aikin mako guda, ga albashin da ba ya kai shi tsakiyar wata, ga shi da yamma yana jan babur ko yana tsaron shago. Don haka ba ya bayarwa. Yakan rubuta wasiƙa guda a allo, "wasiƙa zuwa ga mahaifinka kana neman kuɗin littafi", kowa ya kwafe ya haddace. Haddar nan da muke kuka da ita dabara ce ta mutumin da aka ba aikin da ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma malaman da su kansu Turancin bai zauna musu ba, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa irin ta 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su kai makin da aka yanka ba. An yi ta cacar baki a kan adalcin jarrabawar da kuma korar da ta biyo baya. Abin da ba a faɗa sosai ba shi ne malaman nan su ma irin wannan ajin ne ya yaye su. Abin da aka zuba musu shi suke zubawa.

Sai jarrabawa, wadda ita ce ainihin manhajar makarantar talaka, ko me aka rubuta a takardun ma'aikata. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a. Yaro ya ci lissafi da kimiyya da komai, idan ya faɗi Turanci sai ya sake zama. To me WAEC da NECO suke tambaya? Tambayoyin zaɓi-ɗaya a kan nahawu da kalmomi, insha'i guda, auna fahimta, taƙaitawa. Sannan akwai takardar da ake kira gwajin furuci, kuma a nan abin dariyar yake: tambaya 60 ce a kan sautuka da inda ake danna murya a kalma, amma ba da baki ake amsa ta ba. Yaro zai iya cinye ta tas bai buɗe baki ba, idan ya haddace cewa wasalin kalma kaza ya yi daidai da na kalma kaza. A JAMB ma tambaya 60 ce ta Turanci, a latsa A ko B ko C ko D a kwamfuta. Daga aji ɗaya na firamare har ƙofar jami'a, babu ranar da hukuma za ta zaunar da ɗan talaka ta ce ya yi magana ta ji. Abin da ba za a tambaya ba kuwa, malamin da yake da yara 100 ba zai ɓata lokaci a kansa ba. Daga nan ne kasuwar littattafan tsofaffin tambayoyi ta buɗe, da lesin na dab da jarrabawa, da makarantun nan na bayan gari da kowa ya san abin da ake zuwa yi a cikinsu. Idan dai takardar ce abin nema, wasu za su ga hanya mafi kusa ita ce a saye ta.

Yaron Arewa yana da wani ƙarin nauyi da ba a cika sa shi a sikeli ba. Takwaransa na Warri ko Fatakwal ko Legas, ko da iyayensa ba su da ko sisi, yana tashi cikin buroka. A kasuwa, a mota, a waƙa, kunnensa ya saba da kalmomin Turanci tun kafin ya shiga aji. A Kano kuwa Hausa ta wadatar da mutum daga haihuwa har kabari. Da ita ake ciniki a Kwari da Singa, da ita ake wa'azi, da ita rediyo yake siyasa, da ita ake shari'a a kotun unguwa, har Inyamurin Sabon Gari da ita yake sayar maka da kayan gyaran mota. Wannan ƙarfin harshenmu ne, abin alfahari. Amma ma'anarsa ita ce Turanci a wurin yaron nan baƙon harshe ne, kamar yadda yake a wurin ɗan Masar ko ɗan Turkiyya, alhali manhajar tana ɗaukarsa kamar wanda yake jin sa dare da rana.

Kada kuma wani ya ce harshen Bahaushe ne mai nauyi. Wannan yaron da ake yi wa dariya a intanet don ya mayar da "p" ta koma "f", ka bi shi Islamiyya da yamma ka ji yadda yake fitar da haruffan Larabci masu wuyar gaske, kowanne daga mafitarsa. Me ya sa? Saboda a can kowane ɗalibi yana gurfana gaban malam ya biya karatunsa, a tsayar da shi, a gyara, ya sake. Mun san yadda ake koyar da furuci tun kafin Bature ya zo. Haka 'yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Guangzhou, wasunsu ko firamare ba su gama ba, amma suna ciniki da Larabci da Turanci har da ɗan Sinanci, domin akwai wanda suke so ya fahimce su. A ajin boko ne kawai aka raba harshe da mai sauraro.

Yanzu mu haura Abuja, ko mu tsaya a unguwannin masu hali na Kano da Kaduna. Makarantar da ake biyan miliyoyin naira, wasu ma da dala, ba ta damu yaro ya haddace ma'anar sifa ba. Tun yana ɗan shekara huɗu ake sa shi ya zo da wani abu daga gida, ya tsaya gaban 'yan ajinsu ya yi bayaninsa. Ana karanta masa labari a tambaye shi me yake gani zai faru, kuma don me. Akwai laburare, ana ba shi littafi ya tafi da shi gida duk mako. Yana girma ana sa shi muhawara, da wasan kwaikwayo, da taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya inda zai wakilci wata ƙasa ya kare matsayinta. Idan ya yi rubutu malama takan maido masa da tambaya a gefe: ina hujjarka? Kalmar da aka fi horar da bakinsa a kanta ita ce "ban yarda ba, saboda". Takwaransa na makarantar gwamnati kuwa da "Yes sa" aka horar da nasa.

Jarrabawar da suke hange ma daban ce. Da yawansu suna rubuta WAEC, amma kamar biyan haraji ne, idonsu yana kan IGCSE ta Cambridge, wasu har takardar masu Turanci a matsayin harshen farko suke ɗauka. Sai SAT don Amurka, da IELTS don Ingila da Kanada, wadda a cikinta dole ka zauna da mai jarrabawa ku yi hira ta minti 11 zuwa 14. Abin da iyaye suke saye a nan ya wuce nahawu. Suna sayen lafazin da zai sa a ɗauki ɗansu da daraja tun kafin a ji abin da zai ce, da rashin tsoron manya, da abokan da gobe za su zama masu sa hannu a takarda. In an faɗi gaskiya, suna kuma sayen hanyar fita daga ƙasar. Gida ma yana taya makaranta: Turanci ake yi a falo, da shi ake kallon katun, da shi ake faɗa da ƙanne. Hausa ta zama ta magana da direba da mai aiki.

Ba kyauta suke samun wannan ba, ko bayan kuɗin. Na ga saurayi ɗan gidan manya a wurin ta'aziyya, ya durƙusa gaban dattawa ya rasa abin da ake cewa bayan "ina wuni". Yawancinsu ba sa iya karanta sakin layi guda na Hausa. Abin da ya fi damuna shi ne daga cikinsu ne za a sami kwamishinoni da manyan sakatarori da masu ba gwamna shawara a kan ilimi. Za su tsara wa ajin yara 100 manufa alhali ba su taɓa zama a cikinsa ba, kuma a nasu tunanin Turanci abu ne da yaro yake tsinta haka kawai idan aka yi ta yi masa, tunda su haka suka tsince shi.

Tsakanin waɗannan biyu akwai 'yan makarantun kuɗi na cikin unguwa, gida mai ɗaki shida an yi masa fenti an kafa allo mai ɗauke da "International". Nan ne ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwa suke kai 'ya'yansu, suna matse bakin aljihu. Abin da mai makaranta ya san uba yana so shi ne yaro ya dawo gida ya ce "Dadi, gud ibinin", ya rera waƙoƙin Turanci a bikin yaye ɗalibai sanye da riga da hular digiri alhali nazare ya gama. Don haka ake hana "banakula", wato Hausa, wanda aka kama yana yi a ci shi tara ko ya sha bulala. Anti da Ankul ɗin da suke koyarwa kuwa sau da yawa ba su daɗe da gama sakandare ba, albashinsu bai kai na malamin gwamnati ba. Akwai masu ƙoƙari a cikinsu ƙwarai, kuma ƙarancin yara a aji kaɗai yana sa su fi. Amma da yawa amon Turanci suke sayarwa, kama da wane kuwa ba ta wane. Yaro yakan fito da baki mai zaƙi, ka ba shi shafi guda ya karanta ya faɗa maka abin da ya fahimta, sai ka tarar tafiyarsu ɗaya da ɗan ƙanwata.

Da wannan hoton a zuci ya kamata a kalli rigimar harshen koyarwa. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a shekarun farko na firamare, Turanci ya zama darasi, daga aji huɗu a juya. A watan Nuwamba na 2022, zamanin minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a tsawaita harshen uwa zuwa duk shekara shida. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ƙasa har sama, yana kafa hujja da faɗuwa jarrabawa a yankunan da suka rungumi harshen uwa. Hujjar tana da rami. Yaron da ya rubuta WAEC a 2025 ya bar firamare tun wajen 2019, manufar 2022 ba ta taɓa shi ba. Ita kanta manufar ba a buga mata isassun littattafai ba, ba a horar da malamai a kanta ba. Abin da yake gudana a ajinmu, jiya da yau, gauraye ne: allo da littafi da jarrabawa da Turanci, bayani da Hausa, yaro ya tashi bai iya karatu sosai da ko ɗaya ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma an taɓa gwada abin a ƙasar nan. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara komai da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa kuma suka yi musu fintinkau. A nan Arewa shirin Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun bi wannan hanya ta fara koya wa yaro karatu da Hausa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Rubutun Hausa yadda ake faɗa haka ake rubutawa, yaro yakan kama shi da wuri, kuma da zarar ya gane cewa baƙaƙen nan magana ce mai ma'ana, zai ɗauki wannan ganewar ya shiga da ita Turanci. Wanda aka fara masa da harshen da ba ya ji, abin da yake koya shi ne karatu wani sauti ne da ake yi don malam ya ƙyale ka.

Duk da haka ina fahimtar uban da yake jin an ce "harshen uwa" sai ransa ya ɓaci. Yana gani da idonsa masu wannan magana 'ya'yansu suna inda ko gaisuwa ba a yi da Hausa. Ko an kafa manufa ko an soke, makarantar 'yar yayana ba ta taɓa canja komai ba, ba kuma wanda ya je ya tambaye ta. Dokar harshe a Najeriya a kan ɗan talaka kawai take aiki. Uban nan ya san intabiyu da Turanci ake yi, fom ɗin banki da Turanci yake, kundin tsarin mulki ma a sashe na 55 Turanci ya sa a gaba, Hausa da Ibo da Yarbanci sai "idan an yi tanadi". Idan ya ce a ba ɗansa Turanci, yana da gaskiya. Inda aka cuce shi shi ne da aka sa ya ɗauka zaɓi ne tsakanin Hausa da Turanci, alhali abin da ake hana ɗansa shi ne fahimta, da kowane harshe.

Da za a tambaye ni, sai in ce a fara da faɗa wa kai gaskiya game da inda yawancin yaran nan za su. Kaɗan ne za su shiga jami'a. Sauran za su zama teloli da makanikai da masu POS da 'yan kasuwa da matan aure masu sana'a a gida. Turancin da zai amfane su shi ne na karanta saƙon banki su bambance na gaske da na ɗan damfara, su gane takardar yarjejeniya kafin su sa hannu, su bi bayanin haɗa inji a YouTube, su rubuta ƙorafi, su yi wa likita ko jami'in kwastan bayani ba tare da gwiwa ta yi sanyi ba. Wannan ba ƙaramin Turanci ba ne, kuma wanda ya same shi kiredit ba zai gagare shi ba. Yana buƙatar yaro ya iya karatu da Hausa tukuna, a sami littattafan labari masu sauƙi a aji ko da akwati guda ne, a ware malamin da aikinsa Turanci ne kawai kamar yadda aka yi a Ife, sannan hukumomin jarrabawa su sa wa magana maki, domin ranar da aka sa mata maki ranar za a fara koyar da ita.

Kafin hutun ya ƙare na sa yaran biyu wani aiki. Kullum bayan la'asar ita za ta karanta masa shafi biyu daga littafin labarin da ta zo da shi, ya faɗa mata da Hausa abin da ya gane, inda ya kauce ta gyara masa, inda ta rasa kalma ya ba ta. Kwana tara suka yi. A rana ta bakwai na ji shi daga tsakar gida yana yi mata gardama da Turancinsa mai karaya, wai yaron da ke cikin labarin bai kyauta ba da ya gudu ya bar ƙaninsa. Ta koma Abuja ta bar masa littafin. Da aka koma makaranta ya tafi da shi aji, malaminsu ya karɓa ya jujjuya, ya ce yana da kyau, amma ya ajiye shi a gida don ba ya cikin waɗanda za a tambaya.